Irving Thalberg, furodusan da ya ƙi sa sunansa a finafinansa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina koyon harkar fim. Na ji cewa hukumar da ke shirya bikin Oscar tana ba wasu furodusoshi wata lambar girma mai ɗauke da sunan Irving Thalberg. Da na bi finafinan da aka ce nasa ne, sai na tarar ko sunansa ba ya fitowa a ciki. Bai ba da umarni ba, bai fito a matsayin jarumi ba. To wane ne shi, kuma wane aiki ya yi har ake girmama shi haka? Mu dai a wajenmu furodusa shi ne mai kawo kuɗi."

Wa'alaikumus salam ƙanena. Maganarka ta ƙarshe ita ce bakin zaren, don haka daga nan zan kama. In ka lura da rubutun da ke fitowa a farkon finafinanmu na Hausa, ai mu ma mun raba abin gida uku: ɗaukar nauyi, shiryawa, ba da umarni. Sai dai a aikace mai ɗaukar nauyi da mai shiryawa sau da yawa mutum ɗaya ne, shi ya sa suka cuɗe mana. Thalberg ba mai ɗaukar nauyi ba ne. Ma'aikaci ne mai albashi da kaso a cikin riba, kuɗin da yake kashewa kuwa na iyayen gidansa ne da ke zaune a New York. Abin da ke hannunsa shi ne yanke hukunci: wane labari za a yi, wa zai rubuta shi, wa zai ba da umarni, wa zai fito, nawa za a kashe, sannan bayan an gama ɗauka wane yanki ne zai tsira daga almakashi. Kafin zamaninsa darakta mai suna kan riƙe mafi yawan wannan iko. Wani mai suna Thomas Ince ya riga shi fara tsara kamfanin fim a kan rubutaccen labari da kasafi, amma a hannun Thalberg ne tsarin ya zauna da gindinsa, har sauran manyan kamfanonin Hollywood suka kwaikwaya.

Yaron da likitoci suka ƙidaya wa shekaru

An haife shi ranar 30 ga Mayu, 1899, a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Iyayensa Yahudawa ne 'yan asalin Jamus. Da ciwon zuciya ya zo duniya, irin wanda jini ba ya samun isasshiyar iska har fatar jariri ta yi shuɗi-shuɗi, kuma likitoci suka shaida wa iyayensa cewa da wuya ya wuce shekara 30. Yana sakandare wani zazzaɓi mai taɓa zuciya ya sake kwantar da shi na tsawon lokaci. Mahaifiyarsa Henrietta ta riƙa ɗauko masa littattafai yana karantawa a kan gado. Wannan zaman jinya ya bar masa abu biyu da za ka gani a duk rayuwarsa: sanin yadda ake ƙulla labari, da gaggawar mutumin da aka gaya wa kwanansa kaɗan ne.

Bai shiga jami'a ba. Buga keken rubutu da rubutun gaggawa na sakatarori ya koya, ya sami aiki a ofishin kamfanin Universal da ke New York a kan dala 25 a mako. Ba a jima ba mai kamfanin, Carl Laemmle, ya ɗauke shi sakatarensa. A 1919 Laemmle ya tafi da shi Kalifoniya duba filin aikin kamfanin, wanda manajoji ke ta ja-in-ja a kansa, yawancinsu kuma 'yan'uwa da abokan arzikin maigidan ne. Ya bar yaron a can ya zama idonsa. Kafin a ankara, Thalberg ne ke tafiyar da wurin yana ɗan shekara 20.

Rigimarsa da von Stroheim

In kana son fahimtar Thalberg, tsaya a kan wannan rigimar, domin duk wata muhawara da ake yi a kansa har yau daga nan ta samo asali.

Erich von Stroheim darakta ne ɗan asalin Austriya, gwani ne na gaske, kuma ba ya jin kira in ya fara ɗauka. A fim ɗinsa Foolish Wives na 1922 ya sa an gina masa kwaikwayon dandalin Monte Carlo da gidan cacarsa, aka yi wata da watanni ana ɗauka, kuɗi ya haura dala miliyan 1. Kamfanin ya juya abin ya zama talla, amma Thalberg bai manta ba. Da aka shiga fim na gaba, Merry-Go-Round, ya ga an kama hanyar maimaita abin da ya faru, sai ya sallami von Stroheim ana tsakiyar aiki a 1922, ya ɗora Rupert Julian ya ƙarasa. Ka auna abin: yaro ɗan shekara 23, wanda bai taɓa tsayawa bayan kyamara ba, ya kori ɗaya daga cikin manyan daraktocin ƙasar. Daga ranar kowane darakta a Hollywood ya san cewa fim na kamfani ne, kuma akwai wanda zai iya karɓe shi daga hannunsa.

Ƙaddara ba ta gama da su ba. Von Stroheim ya koma kamfanin Goldwyn, ya shiga aikin Greed, labarin yadda kwaɗayin zinariya ya halaka mutum uku, wanda ya ɗauko daga littafin McTeague na Frank Norris. Ya ɗauka a titunan San Francisco da cikin hamadar Death Valley ana tsananin zafi. Shi kuma Thalberg ya bar Universal a farkon 1923 ya koma ƙaramin kamfanin Louis B. Mayer. A watan Afrilu 1924 Marcus Loew, mai jerin gidajen sinima, ya haɗe Metro da Goldwyn da kamfanin Mayer suka zama Metro-Goldwyn-Mayer, wato MGM ɗin nan mai zaki yana ruri. Mayer ya zama shugaban filin aiki a Culver City, Thalberg ya zama mai kula da shirya finafinai baki ɗaya yana da shekara 24. Gudun gara, faɗa gidan zago: von Stroheim ya waiwaya ya ga wanda ya kore shi ne sabon maigidansa. Tacewar farko ta Greed ta haura awa 8. Abin da MGM ta fitar a ƙarshen 1924 bai kai awa 2 da rabi ba, sauran kuma aka lalata shi. Mutane ƙalilan ne suka taɓa ganin cikakken, kuma har yau masana fim na lissafa shi cikin manyan asarorin da sana'ar ta yi.

Ni a ɗakin tace hoto na fara wannan sana'a kafin na koma shiryawa, saboda haka ka san ɓangaren da zuciyata ta karkata. Babu gidan sinimar da zai haska fim na awa 8, kuma daraktan da ya miƙa irin wannan ya san da haka. Yankewa dole ce. Inda nake ganin laifin kamfanin shi ne rashin adana abin da aka yanke. Ni ma na taɓa zama da wani darakta da ya kawo mini hoton da ya isa fim uku, ya ce ko fitowa ɗaya ba za a taɓa ba. Mun yi kwanaki ba ma gaisawa da kyau. Na yanke, amma na kwafe masa komai a wani faifai na miƙa masa. Gaskiya dai a zamaninmu wannan ba ya cin komai, su kuwa a lokacinsu fim naɗi ne mai cin wuri kuma mai saurin kama wuta.

Yadda yake aiki

MGM na fitar da fim kusan ɗaya a kowane mako, domin gidajen sinimar Loew na jiran sabon kaya. Ba mutum ɗaya da zai tsaya a kan duka wannan, sai Thalberg ya naɗa masu sa ido a ƙarƙashinsa, irin su Harry Rapf, Hunt Stromberg, Bernard Hyman da Paul Bern, kowa da finafinan da yake bi kullum. Shi kansa ba kasafai yake zuwa wurin ɗauka ba. Ƙarfinsa a wuri biyu yake zuba shi, farko da ƙarshe.

A farko, zaman labari. Yakan tara marubuta da darakta a ofishinsa a bi labari fitowa bayan fitowa, ana tambayar me wannan mutumin yake so, me ya hana shi samu, me ya sa mai kallo zai damu. Ba ya barin a kunna kyamara sai rubutu ya zauna. Yana da wata ɗabi'a da marubuta suka tsana: ya ba mutum biyu ko uku labari ɗaya, kowa na aiki bai san da ɗan'uwansa ba, daga baya ya tsinci abin da ya yi masa a wurin kowa.

A ƙarshe kuma, gwaji. In an haɗa fim, sai a kai shi wani gidan sinima a garuruwan da ke kewayen Los Angeles a haska wa 'yan kallo na gari ba tare da sanarwa ba. Thalberg na zaune a cikin duhu yana sauraron ɗakin: ina aka yi dariya, ina aka fara tari da motsa kujera, ina aka tashi fita. Washegari sai a dawo a sake rubuta wuraren da suka yi sanyi, a kira 'yan wasa a sake ɗauka. Abin ya yi yawa har aka yi wa filin MGM laƙabi da kwarin sake ɗauka. A wajen sauran kamfanoni sake ɗauka alama ce ta an yi kuskure. Shi tun a kasafi yake lissafa ta.

Abin da ya ba shi damar yin haka, kuma wannan shi ne wurin da matasa ke tsallakewa in suna yabonsa, shi ne komai na kamfanin ne. 'Yan wasa suna kan kwantiragi na shekaru, ana biyansu albashi ko suna aiki ko ba sa yi. Ginin da aka ɗauki fitowar yana nan a fili ba a rushe ba, tufafin suna rataye a ma'aji, mai ɗaukar hoto ma'aikacin gida ne. Kiran taurari irin su Greta Garbo ko Clark Gable su dawo aikin kwana biyu bai wuce aika takarda ba. Kai kuwa a nan in ka gama da jarumi ya wuce wani lokeshan, gidan da ka ara masu shi sun dawo, kuɗin ma sun ƙare. Na taɓa gwada rabin dabararsa: na haska wani aikinmu a gidan kallo kafin ya fita, na zauna a baya. Wurin da muke ganin zai sa kuka, nan ne samari suka fara danna waya. Sake ɗauka ta fi ƙarfina, amma na rage fitowar na matso da wata gaba, kuma fim ɗin ya fi tafiya. Sauraron ɗaki kyauta ne, sauran tsarin kuwa sai mai jari irin na Loew.

Ga misalai kaɗan na abin da tsarin ya haifar. Ben-Hur gadonsa MGM ta yi daga Goldwyn, ana ɗauka a Italiya, kuɗi na zuba ba a ga komai ba. Aka sauya darakta aka kawo Fred Niblo, aka sauya jarumi aka kawo Ramon Novarro, daga baya aka kwaso tawagar aka dawo da ita Kalifoniya inda ido zai kai, a nan aka ɗauki tseren keken dawakin da ya yi suna. Ya ci kusan dala miliyan 4 kafin ya fita a ƙarshen 1925, kuma a tsakiyar aikin tace shi zuciyar Thalberg ta buga, ya ci gaba da duba hoton yana kwance. The Big Parade na darakta King Vidor, labarin sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da Thalberg ya ga abin da aka ɗauko sai ya ƙara kuɗi aka faɗaɗa fagen yaƙin, fim ɗin ya yi kusan shekara 2 ana haska shi a sinima ɗaya a New York. Wannan na nuna maka cewa ba maƙo ne ya haɗa shi da von Stroheim ba. Yana kashe kuɗi fiye da kowa in ya ga za su fito a allo.

Da magana ta shigo fim bayan 1927 bai yi rawar jiki ba, ya bar wasu suka fara tuntuɓe. The Broadway Melody na 1929 ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, kuma akwai wani abu a cikinsa da ya shafe mu. Thalberg bai gamsu da wata fitowar waƙa da rawa ba, ya ce a sake. Maimakon a sake tara makaɗa, sai Douglas Shearer, shugaban sashen sauti, ya ba da shawarar a kunna sautin da aka riga aka naɗa 'yan rawa su bi. Ga wannan fim ake danganta farkon dabarar kunna waƙa 'yan wasa na bin ta da baki, wadda finafinan Indiya suka rayu a kai, mu ma muka ɗauka. Grand Hotel na 1932, inda ya zuba manyan taurari biyar a fim ɗaya a lokacin da al'ada ita ce tauraro ɗaya ko biyu, shi ma ya ci wannan kyauta, haka Mutiny on the Bounty na 1935.

Labarin da na fi so shi ne nasa da 'yan barkwancin nan 'yan gida ɗaya, Marx Brothers. Kasuwarsu ta yi sanyi a kamfanin Paramount, sai ya ɗauke su, ya ce matsalarsu barkwanci ne ba labari, mai kallo ba shi da wanda zai goya wa baya. Kafin a ɗauki A Night at the Opera na 1935, ya tura su suka zaga garuruwa suna yin manyan fitowar a kan dandamali gaban jama'a, ana auna tsawon kowace dariya, don a san tazarar da za a bari kada dariya ta haɗiye magana ta gaba. Groucho, ɗaya daga cikinsu, yakan ba da labarin yadda Thalberg ke barin mutane zaman jira na awoyi, har wata rana ya dawo ofishinsa ya tarar sun tuɓe kaya suna gasa dankali a murhun ɗumama ɗakin.

Inda ba zan kare shi ba

A zaɓen gwamnan Kalifoniya na 1934 marubuci Upton Sinclair ya tsaya takara da manufar tallafa wa talakawa, masu kamfanonin fim kuma suka ji tsoron haraji. A MGM aka shirya wasu gajerun finafinai masu kama da labaran gaskiya, ana nuna wai an tare mutane a titi ana jin ra'ayinsu, masu shiga ta kamala suna bayan abokin takararsa Frank Merriam, masu kama da 'yan iska suna bayan Sinclair, ana kuma nuna zauna-gari-banza na tururuwa zuwa jihar. Aka riƙa haskawa a sinimomi kafin fim. Sinclair ya faɗi, kuma Thalberg na da hannu dumu-dumu a wannan aiki. Ya kuma yaƙi ƙungiyar marubutan fim da dukkan ƙarfinsa, har ya mara wa wata kishiyar ƙungiya baya don a karya ta. Mutumin da ya fi kowa sanin darajar rubutu shi ne ya ƙi marubuta su sami bakin magana.

Finafinansa ma suna ɗauke da idon zamaninsu. Trader Horn na 1931, wanda aka je har gabashin Afirka aka ɗauka, ya nuna mutanen nahiyarmu a matsayin dodanni da 'yan dako. A The Good Earth, labarin manoman Sin, Turawa ne Paul Muni da Luise Rainer aka yi wa kwalliya suka fito a manyan matsayi, alhali ga Anna May Wong, 'yar asalin Sin kuma tauraruwa, tana neman matsayin. A gefe guda shi ne ya bar King Vidor ya yi Hallelujah a 1929 da 'yan wasa baƙar fata zalla, ya kuma tsaya wa Freaks na 1932 wanda ya jawo wa kamfanin asara da zagi. Akwai kuma ƙorafin masu nazari cewa tsarinsa ya sa finafinan MGM duk suka yi kama da juna, sumul, masu ƙyalli, ba ka jin hannun darakta. Da gaskiyarsu a wani ɓangare, musamman a shekarunsa na ƙarshe da ya karkata ga manyan littattafai da wasannin dandamali, irin Romeo and Juliet na 1936 da matarsa Norma Shearer ta fito a ciki.

Ƙarshen zamaninsa

Ya auri Norma Shearer a 1927, suka haifi 'ya'ya biyu. A shekarar ce Loew ya rasu, Nicholas Schenck ya gaje shi a New York, dangantakar Thalberg da Mayer kuma, wadda ta fara kamar ta uba da ɗa, ta riƙa tsami a kan rabon riba da kuma wa ake yaba wa. MGM ce kaɗai cikin manyan kamfanonin da ta ci gaba da cin riba a tsawon shekarun karayar tattalin arziki da suka biyo bayan 1929, kowannensu kuma yana ganin aikinsa ne. A watan Satumba 1932 aka tsinci gawar aminin Thalberg, Paul Bern, mijin tauraruwa Jean Harlow, abin ya girgiza shi ƙwarai. A ƙarshen shekarar zuciyarsa ta sake bugawa. Yana jinya a Turai a 1933 aka rushe kujerarsa. Mayer ya raba aikin ga furodusoshi da dama, cikinsu har da surukinsa David O. Selznick. Thalberg ya dawo ya tarar shi ma ɗaya ne daga cikinsu, da nasa ɓangaren, sai ya roƙi taurarin da shi ya gina kafin a ba shi.

Ya rasu ranar 14 ga Satumba, 1936, a gidansa da ke Santa Monica, sanadin ciwon huhu, yana da shekara 37. A shekara 12 da ya yi a MGM finafinai kimanin 400 suka bi ta hannunsa. Yana cikin mutum 36 da suka kafa hukumar da ke ba da Oscar a 1927, ita ce kuma ta ƙirƙiro lambar da ka ji. Ba don fim ɗaya ake ba da ita ba, don ingancin aikin furodusa na tsawon shekaru ne, kuma ba kowace shekara ake bayarwa ba. Darryl F. Zanuck ne ya fara karɓa a 1938, daga baya irin su Walt Disney, Alfred Hitchcock da Steven Spielberg. Marubuci F. Scott Fitzgerald, wanda ya taɓa yi masa aiki, a kansa ya gina jarumin littafinsa na ƙarshe, The Last Tycoon, wanda bai kammala ba ya rasu.

Batun rashin sunansa kuwa, zaɓinsa ne. Waɗanda suka zauna da shi sun ce yana ganin yabon da mutum ya ba kansa ba shi da daraja, kuma wanda ke da ikon raba wa wasu suna ba ya bukatar nasa. Kada ka ɗauka tsantsar tawali'u ne, domin duk Hollywood ta san fim ɗin wa take kallo. In kana son ganin sunan a allo, nemi The Good Earth. Ya fita a watan Janairu 1937, wata 4 bayan rasuwarsa, kuma kamfanin ya buɗe shi da rubutun sadaukarwa gare shi.